Yaƙin Ruhaniya: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Malam Edita,

Salama. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista masu karanta wannan jarida a kan yaƙin ruhaniya, batun da ya cika mana majami'u a 'yan shekarun nan. Musulmi ma ba za su ji abin baƙo ba, tunda bakinmu ɗaya wajen kiran sunan Shaiɗan da Iblis, ko da yake kowa da yadda littafinsa ya bayyana shi. Abin da zan faɗa daga Littafi Mai Tsarki ne da koyarwar ikilisiya.

Daren Jumma'a in ka zaga unguwanninmu a Kaduna, ko Jos, ko Gombe, ko Yola, za ka ji lasifika har asuba, ana ɗaure aljanu, ana aika wuta. Cewa akwai magabci, wannan ba abin gardama ba ne ga mai bi. Wanda aka yi wa baftisma a Katolika ko Angalikan sai da aka tambaye shi ko ya ƙi Shaiɗan da dukan ayyukansa, kuma tun ƙarni na 4 masu shiga baftisma a Urushalima sukan fuskanci yamma su furta wannan ƙin. Damuwata ita ce inda muke kai duka.

A fara da sanin ko wane ne shi. A Ibraniyanci sunan Shaiɗan na nufin abokin gāba mai kai ƙara, kalmar Girkanci da muke fassarawa Iblis kuma tana nufin mai ɓata suna. Halitta ne. Babban taron ikilisiya na Lateran a 1215 ya faɗa a fili cewa Allah ya halicce shi da kyau, shi ne ya lalata kansa. Saboda haka ba kishiyar Allah ba ne mai ƙarfi daidai da nasa. Ba ya ko'ina a lokaci ɗaya, bai san kome da kome ba, kuma yana da linzami. A Ayuba sura 1 da 2 sai da ya nemi izini, aka ja masa iyaka sau biyu. A Luka 22:31 ma roƙo ya yi kafin ya sheƙe Bitrus kamar alkama. Kolosiyawa 2:15 ta ce a kan gicciye aka kwance wa ikokin duhu ɗamara. Wa'azin da zai sa jama'a su koma gida suna tsoron Shaiɗan fiye da yadda suka zo, Shaiɗan ya yi wa aiki, ko da mai wa'azin bai nufa ba.

Aikinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Yana ƙarya, shi ya sa Yahaya 8:44 ta kira shi uban ƙarya. Yana jarraba. Yana kai ƙarar 'yan'uwa dare da rana, in ji Wahayin Yahaya 12:10. Kuma ba kullum yake zuwa da ƙaho ba, domin 2 Korantiyawa 11:14 ta ce yakan rikiɗa kamar mala'ikan haske. Dubi yadda ya yi da Yesu a jeji bayan azumin kwana 40. Bai zo da guguwa ba, da shawara ya zo: ga yunwa, ga duwatsu, me zai hana? Har aya ya ja daga Zabura 91. Yesu bai ɗaga murya ba, bai yi wani surkulle ba. Sau uku ya amsa, duka ukun daga Maimaitawar Shari'a, sura 8 da sura 6. Wanda bai san Littafi ba, da aya za a kā da shi.

Wani abin da muka manta shi ne, magabtan mai bi uku ne, kamar yadda Afisawa 2:1-3 ta jera su: duniya, da halin mutuntaka, da Iblis. Ma'ajin ikilisiya ya taɓa kuɗin baiko, an kama shi, sai ya ce sharrin Shaiɗan ne, a yi masa addu'ar kuɓutarwa. Yakubu 1:14 ta ce kowa mugun burinsa ne ke jan sa. Da ɗan gari kan ci gari. A Galatiyawa 5 kishi, da fushi, da buguwa, da fasikanci, har da sihiri, duk ayyukan halin mutuntaka aka kira su, ba a ce aljanu ne ba. Aljani ake fitarwa. Hali kuwa tuba ake yi, a mayar da kuɗin, a sa mutum biyu su riƙa ƙirga baiko suna sa hannu a littafi.

Yanzu ga makaman, a Afisawa 6:10-18. Bulus yana ɗaure da sarƙa ya rubuta wannan wasiƙa, ya saba ganin sojan Roma a gefensa, kuma Ishaya 59:17, mai maganar sulke da kwalkwalin Allah, na cikin kansa. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan sulke da 'yan lifidi a hawan Sallah ya san kayan da ake magana. Guda shida ne. Ɗamara ita ce gaskiya, ita ke riƙe sauran kaya, kuma ta haɗa da faɗin gaskiya a ciniki da a gida. Sulke shi ne adalci, mai tsare ƙirji. Takalma su ne shirin kai bisharar salama, abin mamaki, sojan da takalminsa salama ce. Garkuwa ita ce bangaskiya. Ta sojan Roma katako ce babba da aka lulluɓe da fata, tsawonta wajen ƙafa 4, kuma amfaninta na cika ne in an jera kafaɗa da kafaɗa an haɗa garkuwoyi. Bulus da "ku" yake magana tun daga farko har ƙarshe, ba da "kai" ba. Mai bin da ya yi fushi ya daina zuwa sujada, ya ce zai yi yaƙinsa a ɗaki shi kaɗai, bayansa a buɗe yake. Sai kwalkwali, wato ceto, tabbacin da ke tsare kai sa'ad da mai ƙara ya tono zunubin da aka riga aka gafarta. Na ƙarshe takobi, Maganar Allah. Biyar na kāriya ne, ɗaya tak na sara. Umarnin da aka maimaita har sau huɗu a wurin shi ne a tsaya, a dage. Ba a ce a bi magabci gida a tone shi ba.

Ka lura babu man zaitun a jerin, babu ruwan kwalba, babu hankici, babu gishiri. Shafa wa majinyaci mai yana cikin Yakubu 5:14, dattawan ikilisiya ne ke yi da addu'a, kuma ba na sayarwa ba ne. Ranar da kwalbar mai ta koma abin ratayewa a ƙofa don ta kori maye, laya ce aka sake wa suna. Marigayi Byang Kato, malamin tauhidi mutumin Kwoi, wanda ya rasu a 1975, ya yi ta jan kunnen ikilisiyoyin Afirka a kan irin wannan gauraye. A Afisa ɗin nan dai, Ayyukan Manzanni 19 ta ba da labarin 'ya'ya bakwai na wani babban firist Bayahude da suka ɗauki sunan Yesu kamar laƙani. Aljanin ya ce ya san Yesu, ya san Bulus, su kuma su wane ne? Da gudu suka fita, tsirara, jina-jina.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Littafi ya nuna tsagar da sunanta. Afisawa 4:26-27 ta ce kada rana ta faɗi kana fushi, kada ka ba Iblis ƙofa. A 2 Korantiyawa 2:10-11 ƙin gafartawa ne Bulus ya kira dabarar Shaiɗan. A 1 Timoti 3:6 girman kai ne ga sabon tuba da aka yi saurin ba shi muƙami. A 1 Korantiyawa 7:5 miji da mata ne da suka daɗe suna ƙaurace wa juna, ko da da sunan addu'a ne. Dattawa biyu da suka shekara ba sa gaisawa saboda zaɓen majalisar ikilisiya, in suka kwana suna ɗaure aljanun gari, asarar barci suka yi. Tsarin Yakubu 4:7 a jere yake: a fara miƙa wuya ga Allah, sannan a yi tsayayya da Iblis.

To, ina ɓarnar take? Afisawa 6:12 ta ce famarmu ba da 'yan Adam ba ce. Mu kuwa mun juya ta. Ana tsayawa a yi addu'a kishiya ta mutu, surukuwa ta makance, maƙwabci ya haukace, wai ana mayar wa mai aike da aikensa. Masu wannan salon sukan ce ruhohi suke nufi, amma matar da ke ihu a layin baya ta san fuskar da take gani a ranta. Sammu ne da sunan Yesu. Yakubu da Yahaya sun nemi su kira wuta a kan wani ƙauyen Samariya, Yesu ya juya ya tsawata musu, yana nan a Luka 9:54-55. Ayar nan ta 12 kuma ta hana Kirista ya ɗauki maƙwabcinsa Musulmi, ko ɗan wata ƙabila, a matsayin Shaiɗan ɗin da aka ce ya yaƙa. A ƙasar da ta ga abin da ta gani na rikici, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Daga ƙarshen shekarun 1980 aka shigo mana daga Amurka da koyarwar cewa kowane gari da aljanin da ke mulkinsa, sai an gano sunansa an ɗaure shi kafin bishara ta shiga. Daniyel 10 suke kafa hujja da ita. Amma Daniyel azumi da addu'a ga Allah ya yi, bai ma san ana wani faɗa a sama ba sai da mala'ika ya gaya masa. Taron da ƙungiyar masu bishara ta duniya mai suna Lausanne ta yi a Nairobi a 2000 ya gargaɗi ikilisiyoyi a kan wannan salo. Bulus ya shiga Afisa, garin gunkiya Artimis, da koyarwa ya shiga, shekara biyu yana yi kullum.

Mafi muni shi ne zargin maita. Yaro ya kwanta zazzaɓi ya yi zafi, yana sambatu, ya kira sunan wata gwauruwa a unguwa, shi ke nan an ce ta kama kurwarsa, a jawo ta ta tsallake shi. A majami'a kuma an sake wa abin riga: ana tsare wanda ake yi wa addu'a da tambaya, wa ya aiko ka? Sai a ji sunan gwaggo ko kaka. Malam Edita, in da gaske aljani ne ke magana, shaidar uban ƙarya aka karɓa aka rusa gida da ita. In kuma ba aljani ba ne, sambatun majinyaci aka karɓa. Yesu hana su magana yake yi, dubi Markus 1:25 da 1:34. Sau ɗaya aka rubuta ya tambayi suna, kuma bai tambayi wanda ya aiko ba. A Sabon Alkawari duka babu inda Yesu ko manzanni suka nemo wani mutum suka ce shi ya ci kurwar majinyaci. Mafarki ba shaida ba ne, Maimaitawar Shari'a 19:15 shaidu biyu ko uku ta ce. Tsohuwar da aka tsinta da dare tana yawo ba ta san hanyar gida ba, har tana amsa duk laifin da aka ɗora mata, sau da yawa ruɗewar tsufa ce, ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Mun ga inda wannan hanya ta kai Akwa Ibom, inda aka yi ta azabtar da yara ana korarsu da sunan maita har jihar ta yi doka a 2008 ta mai da zargin laifi.

Ga abin da ya kamata fasto da dattawa su yi in an kawo musu wanda ake cewa yana da aljanu.

A fara da kore taron kallo, a kashe lasifika, a hana ɗaukar hoto da waya. Mutum uku ko huɗu sun isa, kuma in mace ce dole a sami mata dattijai daga Zumuntar Mata a ɗakin, kada namiji ya keɓe da ita. A ba shi wurin zama da ruwa. Sannan a tambayi dangi a natse: yaushe abin ya fara? Akwai zazzaɓi? Wuya ya sanƙare? Ya taɓa faɗuwa ko buguwa a ka? Kwana nawa bai yi barci ba? Yana shan Tramadol, ko kodin, ko wiwi, ko kuwa mashayin giya ne da ya daina farat ɗaya? Tana da ciki, ko ta haihu cikin makonni biyun nan? Akwai maganin asibiti da aka daina sha? Amsar waɗannan kan warware yawancin abin. Jijjiga da zazzaɓi a yaro, a zargi cizon sauro da ya hau kai ko sanƙarau, musamman lokacin zafi. Jijjiga a mai ciki hawan jini ne mai kisa. Mai jego da ta rikice tana jin muryoyi tana da ciwon da likitoci suka sani, kuma yana jin magani. Waɗannan duka asibiti ne nan take, a yi addu'ar a cikin mota. Dannau kuwa, da mutum zai farka ya kasa motsi yana jin an danne masa ƙirji, daƙiƙu ne zuwa 'yan mintoci, rashin isasshen barci da kwanciya rigingine na ƙara shi.

Farfaɗiya ta fi kowane ciwo shan wannan zalunci. Matiyu 4:24 ta ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. In mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta ko ruwa, a sa tsumma a ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan riga, a duba agogo. Kada a danne shi, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura manja ko ruwan addu'a, domin huhu zai tafi. Da jijjigar ta lafa a kwantar da shi a gefe guda. In ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, sai asibiti. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Fasto da ya ce a zubar da ƙwaya don nuna bangaskiya, jijjiga mai tsanani yake gayyatowa, domin yanke maganin farat ɗaya ita ke kawo ta. Luka da ya rubuta mana labarin fitar da aljanu, likita ne.

Ikilisiyar Katolika ta koyi wannan da tsada. A Jamus, a 1976, wata budurwa mai shekara 23, Anneliese Michel, wadda likitoci suka ce tana da farfaɗiya, ta mutu da yunwa da ƙishirwa bayan an yi mata addu'ar fitar da aljanu sau 67. Kotu ta kama iyayenta da fada biyu da laifin sakaci a 1978. Dokar ikilisiyar, sashe na 1172, ta ce babu mai yin wannan aiki sai da izinin bishop, kuma sabon tsarin 1999 ya ce a tabbatar ba ciwo ba ne, a nemi shawarar likitoci inda ya kamata. Mu da ba Katolika ba, me zai hana gundumominmu su kafa irin wannan ƙa'ida, maimakon kowane ɗan shekara 25 mai makirfo ya zama gwani?

In an bincika duka, aka ga akwai abin da ya wuce ciwo, ko mutumin da bakinsa ya ce ya yi girka, ko ya sha alkawari wurin boka, to a tambaye shi ko yana so a yi masa addu'a. A karanta Littafi, ya furta zunubinsa, ya ƙi abin da ya shiga da bakinsa, a umarci ruhun da sunan Yesu Almasihu ya fita. A Filibi, jimla ɗaya Bulus ya faɗa. Ƙarfin murya ba ya ƙara wa sunan iko. In an yi rabin sa'a ko sa'a guda ba canji, a tsaya, a ba shi abinci, a sake duba ko an yi kuskuren ganewa. Ba duka, ba bulala, ba hayaƙin barkono, ba mari a ƙafa. Mai aljanun nan da ke zaune a kaburbura a Markus 5, mutanen gari ne suka yi ta ɗaure shi da sarƙa. A hannun Yesu an same shi zaune, da tufafi, cikin hankalinsa, aka kuma sallame shi gida. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2019 cewa ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a Najeriya, har a wuraren addu'a na Kirista da na Musulmi, kuma tun Janairun 2023 ƙasar na da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri suna nan. Ya kamata kowane fasto ya san hanyar wanda ya fi kusa da shi.

Kuɗi kuma kada ya gifta. Kyauta kuka samu, kyauta za ku bayar, in ji Matiyu 10:8, kuma mun san yadda Bitrus ya tsawata wa Saminu mai sihiri da ya zo da jakarsa don ya sayi baiwar Allah. Azumi na mai addu'a ne, ba a ɗora wa majinyaci. Mai ciwon suga, da mai gyambon ciki, da mai sikila, da mai ciki ko shayarwa, kada a sa su azumin kwana uku ba ruwa. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023, an tono gawa fiye da 400 na mutanen da aka ce su yi azumi har su sadu da Yesu.

Aikin da ya fi wuya yana bayan addu'ar. Matiyu 12:43-45 ta yi maganar gidan da aka share aka bar shi kango, mai shi na dā ya dawo da bakwai da suka fi shi. In akwai layu, ko guru, ko kambu, shi mai su ne zai kawo da hannunsa a ƙone, kamar mutanen Afisa da suka ƙone littattafan sihiri na azurfa 50,000 da kansu. Ba a fasa ɗakin kowa a yi bincike. Sai a haɗa shi da dattijo ɗaya, ko dattijuwa in mace ce, mai leƙa shi kowane mako na aƙalla wata uku, a sa shi ajin koyarwa, a ga yana shan maganinsa in yana da shi, a nema masa abin yi. In a cikin ruɗewa ya kira sunan wani da maita, dattawa su taka har gidan wanda aka ɓata, su ba da haƙuri, su kuma wanke shi a gaban jama'ar da ta ji zargin. Wanda kuma aka yi wa addu'a bai warke ba, kada a ce masa rashin bangaskiya ne. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da shi kansa ya kira manzon Shaiɗan, ba a cire ba.

Ina roƙonka, Malam Edita, ka ba wani likitan ƙwaƙwalwa fili a wannan shafi ya bayyana alamun farfaɗiya da na taɓin hankali da Hausa mai sauƙi, yadda makarantunmu na Littafi Mai Tsarki za su yanke shafin su sa a hannun ɗaliban da za a tura ƙauyuka bana.

Na gode.

Naka,
Wani dattijon ikilisiya,
Kafanchan.